Addinai Uku na Mutanen Sin

In Bahaushe ya so ya kwatanta nisan wuri, sai ya ce kamar Birnin Sin. Da yawa cikinmu mun tashi muna jin sunan, ba mu rarrabe ba ko gari ne ko ƙasa. To, ƙasa ce babba, tana can gabas, bayan ƙasar Hindu, mutanenta kuwa sun haura miliyan 1,400. Amma ba labarin girmanta za mu ba ku yau ba. Wani abin mamaki za mu gaya muku game da addinin mutanenta.

A wurinmu, in ka tambayi mutum addininsa, amsa ɗaya zai ba ka. Ko ya ce shi Musulmi ne, ko Kirista, ko kuwa ya ce yana bisa abin da ya iske kakanninsa na yi. Ba wanda zai ce maka shi duka biyu ne. Amma a Sin, tun zamanin da, in ka yi wa manomi wannan tambaya sai ya rasa inda ka nufa. Gama da safe ya ƙona turare gaban allon da aka rubuta sunayen kakanninsa, bisa koyarwar Malam Kung. Ɗansa ya kwanta ciwo, ya kira malamin Tao ya rubuta masa laya. Ran da uwarsa ta mutu kuma, ya aika a kira masu zuhudu na Buda su zo su yi mata karatu. Shi kuwa bai ga ya bar addininsa ko sau ɗaya ba. Ƙaƙa haka ta yiwu? Ba za mu gane ba sai mun dubi mutanen nan uku da a ke jingina addinan gare su, mu ga abin da ya dami ko wannensu.

Malam Kung

An haifi Kung shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa, a wata ƙaramar ƙasa wai ita Lu, cikin lardin da yanzu a ke kira Shandung. Mutanen Sin na ce da shi Kung Fu-tse, watau Malam Kung, daga nan ne Turawa suka karkata sunan ya zama Konfushiyas. Ubansa ya mutu tun yana ƙarami, ya tashi da talauci, har ya yi aikin tsaron rumbu da lura da dabbobi. Zamaninsa zamanin hargitsi ne. Babban Sarki yana nan, amma suna kawai. Hakimai sun raina shi, ko wanne ya mai da ƙasarsa tasa ta kansa, suna ta yaƙi da juna. Bara ya kashe ubangidansa, ƙane ya ƙwace sarautar wansa.

Abin da ya dami Malam Kung shi ne, ƙaƙa mutane za su zauna da juna lafiya? Ya ce gyaran ƙasa daga gida ya ke farawa. Masu binsa suka lissafa zumunta iri biyar waɗanda duniya ke tsaye a kansu: ta sarki da baransa, ta uba da ɗa, ta miji da mata, ta wa da ƙane, da ta aboki da aboki. Na ƙasa ya yi ladabi da biyayya, na sama ya yi adalci da tausayi. In ɗaya ya saki nasa gefen, igiya ta tsinke. Sarki kuwa, a wurinsa, da halin kirki ya ke mulki, ba da bulala ba, don wanda a ke kora da bulala tsoro kaɗai ya koya, bai koyi kunya ba. Mai karatu zai ga wannan ba baƙon zance ba ne a gare mu. Da Malam Kung zai ga yaro ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gai da dattijo, da ya yi murna ƙwarai.

Ya taɓa riƙe babban muƙami na shari'a a Lu, amma bai daɗe ba ya ajiye. Ya yi shekara goma sha yana yawo ƙasa ƙasa da almajiransa, yana neman sarkin da zai karɓi shawararsa, bai samu ba. Ya komo gida ya ci gaba da karantarwa, ya mutu cikin shekara ta 479.

Ku lura da abu guda. Malam Kung bai ce shi manzo ba ne. Cewa ya yi shi mai isar da abin da mutanen da suka bari ne kawai. Ya kan ambaci Sama da girmamawa, ya yarda tana da hukunci bisa mutane, amma bai tsaya yana siffanta ta ba. Da wani almajirinsa ya tambaye shi labarin mutuwa da aljannu, sai ya komo da shi ga sha'anin masu rai. Duk da haka ya tsananta a kan a riƙa tunawa da kakanni ana kai musu baiko, a kuma yi wa iyaye makoki na shekara uku. Daga baya wannan ya zama doka. Ko wane ma'aikacin Sarki, in ubansa ko uwarsa ta mutu, dole ya ajiye aiki ya koma gida wata 27.

Abin da bai samu ba yana da rai ya samu bayan ransa. Ko da ya ke cikin shekara ta 213 wani Sarki mai zafin hali ya sa aka ƙone littattafan da masu binsa ke karantawa, cikin 136, duk dai kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Wu ya mai da su su ne ilmin fada. Daga wajen shekara ta 600 ta Miladiyya aka soma ba da sarauta ta hanyar jarrabawa, aka daɗe ana yi har 1905. A kan kulle mai neman aiki cikin wani ɗan ɗaki, ya kwana ciki yana rubutu, in ya ci a naɗa shi hakimi, ko da ɗan manomi ne. Gaskiya 'ya'yan masu hali sun fi ci, don su ke da sukunin zama shekara ashirin suna karatu. Amma ƙofa ba a rufe ta ke ba.

Lao-tse

Na biyu ya dubi hargitsin nan da Malam Kung ya duba, amma maganin da ya kawo kishiyar nasa ne. Lao-tse, ma'anar sunan Tsohon Malami. Labarin da mutanen Sin ke bayarwa shi ne, wai shi ne mai tsaron littattafan fada. Da ya ga duniya ta lalace sai ya hau takarkari ya nufi yamma. A bakin iyaka sarkin ƙofa ya tsare shi, ya ce ba zai wuce ba sai ya rubuta abin da ya sani. Ya rubuta ɗan littafi mai babi 81, kalmominsa wajen 5,000, kana ya wuce, ba a sake ganinsa ba. Masana na yanzu sun fi ƙarfafa cewa tattara littafin aka yi a hankali daga bakin malamai da yawa. Cikin 1993 an tono wani sashe nasa cikin wani kabari, rubuce bisa tsagin gora, wanda aka binne wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Tao ma'anarsa Hanya. Ba mutum ba ne, ba ya umurni, ba ya fushi. Shi ne tafarkin da kome ke bi, yadda damina ke bin bazara, yadda iri ke tsira ba wanda ya jawo shi. Wahalar mutum, in ji masu wannan koyarwa, daga tilasta abu ta ke fitowa. Masassaƙi gwani ba ya faɗa da itace, ya kan dubi inda jijiyarsa ta nufa ya bi. Ruwa shi ne babban abin misalinsu, gama ba abin da ya fi shi laushi, kullum gangare ya ke nema, ga shi kuwa yana cin dutse. Saboda haka suka ce duk ladubban nan da Malam Kung ke koyarwa alama ce ta cewa kirki na gaskiya ya riga ya ƙare. Suka ce kuma sarkin da ya yawaita dokoki ɓarayi ya ke yawaitawa.

Akwai wani malaminsu, Juwang-tse, mai ban dariya ne ƙwarai. An ce ran nan yana kamun kifi sai ga manzannin Sarkin Cu, sun zo su ba shi babbar sarauta. Ko waiwaya bai yi ba. Ya tuna musu da wani kunkuru da ya mutu tun da daɗewa, wanda Sarki ya sa aka naɗe ƙoƙonsa cikin alharini aka ajiye a ɗakin tsafi ana girmamawa. Ya tambaye su, a ganinsu kunkurun nan ya fi son girman nan da ya samu bayan mutuwa, ko kuwa a bar shi da ransa yana jan wutsiya cikin taɓo? Suka ce taɓo. Ya ce to, shi ma su bar shi cikin nasa taɓon. Da Malam Kung aka yi wa tayin nan, da tuni ya ɗaura sirdi.

Har nan Tao hikima ce ta masu karatu. Ya zama addini mai malamai da ɗakunan ibada cikin shekara ta 142 ta Miladiyya, sa'ad da wani mutum, Jang Dao-ling, ya tashi a lardin Sicuwan ya ce Lao-tse ya bayyana gare shi. Ko wane gida na masu binsa ya kan ba da awo biyar na shinkafa. Mara lafiya ya faɗi laifuffukansa, a rubuta masa laya. A kwana a tashi suka tara alloli da yawa, har Lao-tse kansa ya shiga cikinsu. Babban abin da suka sa gaba kuwa shi ne tsawon rai. Waɗansu suka bi ta hanyar sarrafa numfashi da kiyaye abinci, waɗansu suka shiga dafa duwatsu da zaiba suna neman maganin mutuwa. Zaiba kuwa dafi ce, sarakunan Sin da dama ta kashe. Cikin dafe-dafen nan ne, suna garwaya farar wuta da gawayi da wani irin gishiri, suka yi tuntuɓe da albarushi. Abin tausayi, tsohon da ya ce a bar kome ya bi hanyarsa, ga jikokinsa na kokawa da mutuwa.

Buda

Na uku baƙo ne, ko ƙasar Sin bai taɓa takawa ba. Sunansa Gotama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Nepal, kusa da zamanin Malam Kung. Ɗan sarauta ne. An ce ubansa ya tsare shi cikin daula don kada ya ga abin baƙin ciki, amma da ya fita gari ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, kana ya ga wani mai zuhudu. Yana da shekara 29 ya bar matarsa da ɗansa ya shiga daji. Ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa, ya ga ba ta fisshe shi. Ya ci abinci, ya zauna ƙarƙashin wani itace dangin cediya yana tunani, har ya ce ya gane. Daga ran nan a ke kiransa Buda, watau Wanda Ya Farka. Ya yi shekara 45 yana karantarwa, ya mutu yana da 80.

Shi ba zaman gari ya dame shi ba, ba kuwa tsawon rai ba. Abin da ya dame shi wahala ce, wadda ba ta barin sarki ba ta barin talaka. Ya ce tushenta kwaɗayi ne, watau ƙishirwar samu da ta dawwama. Mutanen Hindu sun riga sun ɗauka cewa in mutum ya mutu a kan sake haihuwarsa, ko mutum ko dabba, gwargwadon aikinsa, haka haka ba iyaka. Buda ya karɓi wannan, ya ce ba abin murna ba ne, kurkuku ne. Mafita ita ce a kashe kwaɗayi ta hanyar tsare hali da horon zuciya, har ya mutu kamar fitilar da manta ya ƙare. Wannan shi a ke kira Nirbana. Bai koyar da cewa akwai Mahalicci ba, bai kuwa ce a roƙe shi shi kansa ba, ko da ya ke daga baya an sassaƙa gumakansa ana rusuna musu. Ya hana masu binsa abu biyar: kisan mai rai, da sata, da zina, da ƙarya, da shan abin maye. Wanda ya ke so ya kai matuƙa kuwa sai ya aske kansa, ya bar aure, ya ɗauki ƙoƙon bara.

Fatake ne da masu zuhudu da ke bin ayarinsu suka kawo addinin Sin, ta hanyar da a ke fataucin alharini, cikin ƙarni na farko na Miladiyya. Da fari mutanen Sin suka ɗauka wani reshen Tao ne, don masu fassara da kalmomin Tao suka yi ta aiki. Har malaman Tao suka ƙago cewa ai da Lao-tse ya wuce yamma bisa takarkarinsa, ƙasar Hindu ya tafi ya koya musu. Masu bin Buda suka ji haushin wannan zance ƙwarai, aka yi ta gardama a kansa ɗaruruwan shekaru, sai cikin 1281 Sarki Kublai Khan ya sa aka ƙone littattafan Tao masu yawa. Don neman littattafai na asali, wani mai zuhudu, Shuwan-tsang, ya fita Sin a ɓoye cikin 629, watau wajen shekara bakwai bayan Hijira, ya ratsa hamada da duwatsu har ƙasar Hindu. Ya komo cikin 645 da littattafai 657. Ku da kuka soma karatu yanzu, ku sani littafin da ya fi tsufa a duniya cikin waɗanda aka buga da kwanan wata a jikinsu na addinin Buda ne, an buga shi a Sin cikin 868, yanzu yana ajiye a Landan.

Inda aka yi karo

Kada mai karatu ya zaci ukun nan sun zauna lafiya tun farko. Ku duba yadda mai zuhudu ya ke a idon almajirin Malam Kung. Ya aske gashin da ya gada wurin iyayensa. Ya bar su ba mai ciyad da su. Ya ƙi aure, watau ya yanke zuriya, ba wanda zai kai wa kakanni baiko. Ba ya noma, ba ya biyan haraji, ba ya zuwa yaƙi. Duk zumuntan nan biyar ya tsinka su rana ɗaya.

Cikin 819 Sarki ya sa aka kawo wani ƙashi fada, wai na yatsan Buda ne, da biki mai yawa. Wani babban malami na fada, Han Yu, ya rubuta wa Sarki takarda mai zafi, ya ce Buda bare ne wanda bai san harshensu ba, bai san hakkin uba bisa ɗa ba, ƙashin nan kuwa ƙazanta ne, a jefa shi wuta ko ruwa. Sarki ya hasala, saura kaɗan ya kashe shi, aka roƙa, ya kore shi can kudu mai nisa. Amma zancen bai mutu ba. Cikin 845 Sarki Wu-tsung, wanda malaman Tao ke riƙe da kunnensa, baitulmalinsa kuma ya yi ƙasa, ya sa aka rushe manyan gidajen zuhudu 4,600 da ƙananan ɗakunan ibada 40,000. Masu zuhudu maza da mata 260,500 aka tilasta su koma gida su biya haraji. Aka narkar da gumakan tagulla aka buga kuɗi da su. Shekara na kewayowa Sarkin ya mutu, maganin tsawon rai ne kuwa ya ci shi. Wanda ya gaje shi ya ɗage dokar.

Masu bin Buda ba su mai da martani da takobi ba, da labari suka mayar. Suka yawaita ba da labarin wani almajirin Buda, Mu-liyen, wanda ya hangi uwarsa a lahira tana fama da yunwa, ko wace loma ta kai baki sai ta zama wuta. Ya rasa yadda zai yi, sai aka ce ya ciyad da masu zuhudu, a kai mata ladan. Ya yi, ta kuɓuta. Ma'anar labarin a fili ta ke: ashe mai zuhudu bai yar da iyayensa ba, shi ne ma ke iya taimakonsu inda ɗa mai sarauta ba ya iya kai hannu. Har yanzu ana bikin wannan ran 15 ga watan bakwai na lissafin Sin. Ta ƙofar biyayya ga iyaye, wadda ta ke ta Malam Kung ce, addinin Buda ya shiga gidajen mutane, ya kama wurin da Malam Kung ya bari ba kowa, watau abin da ke bayan kabari.

Aro kuwa ba gefe ɗaya ya tsaya ba. Malaman Tao suka gina gidajen zuhudu irin na Buda. Ju Shi, wanda ya rayu daga 1130 zuwa 1200, shi ne babban mai sabunta koyarwar Malam Kung, ya soki Buda da Tao duka, amma ya hori almajiransa su riƙa zama shiru suna natsuwa, abin da kowa ya san inda aka samo shi. Lalle malaman ko wane ɓangare sun san nasu, suna kuwa tsare shi. Talaka ne ke zuwa wurin duka ukun, yadda mutum kan je wurin maƙeri don fartanya, ya je wurin masaƙi don zane, ba ya ganin ya ci amanar ɗayansu. Akwai wani zane da masu zane na Sin suka sha yi, na tsofaffi uku tsaye bakin tulun ruwan tsami, ko wanne ya tsoma yatsa ya lasa. Kung ya yamutsa fuska, Buda ya ji ɗaci, Lao-tse na murmushi. A lardin Shanshi kuma, kusa da birnin Datung, akwai wani ɗakin ibada maƙale a jikin dutse, can sama, inda aka jera siffofin su uku cikin ɗaki guda.

Wannan garwaye bai haɗa da Musulmin Sin ba, waɗanda ke can fiye da shekara dubu. Su sun tsaya bisa addini ɗaya, ko da ya ke wajen 1700 wani malaminsu na birnin Nanjin, Liyu Ji, ya rubuta littattafan Musulunci da harshen Sin, yana aron kalmomin Malam Kung don mutanen ƙasar su fahimta.

Cikin 1912 sarautar Sin ta faɗi, cikin 1949 'yan Kwaminis suka karɓi mulki. Daga 1966 zuwa 1976 samari suka yi ta farfasa ɗakunan ibada na addinan duka, har makabartar gidan Malam Kung ba su bari ba. Bayan haka aka sassauta, aka gyara da yawa. Yanzu hukumar Sin addini biyar ta yarda da su: Buda, da Tao, da Musulunci, da Katolika, da Furotesta. Koyarwar Malam Kung ba ta cikin lissafin, don ba a ɗauke ta addini ba. Amma tun 2008 an mai da ranar share kaburbura ranar hutu a ƙasa duka. Ko wace shekara, farkon watan Afrilu, sai ka ga hanyoyi sun cika da mutane, sun nufi ƙauyukansu da tsintsiya da turare da abinci, za su gai da kakanninsu.